Dankali Ba Ɗaya Ba Ne: A Daina Yi Masa Hukuncin Kuɗin Goro



Akwai jumloli biyu da suke yawo a gidajenmu game da dankali, kuma duka biyun suna cutar da jama'a. Ta farko ita ce: "An hana shi cin dankali." Ta biyu kuma ita ce: "Ai dankalin Hausa maganin sukari ne, ci ka ƙoshi." Wanda ya kama ta farko yakan bar abinci mai araha da ke tsirowa a bayan gidansa, ya koma wa farar shinkafa da biredi da taliya, waɗanda ba su fi dankalin sauƙi ga jininsa ba. Wanda ya kama ta biyu kuwa yakan zauna da tire guda na gasasshen dankali yana ganin magani yake sha, har sukarinsa ya yi tashin gwauron zabo.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ra'ayina shi ne duk wanda ya ce maka "ci dankali" ko "kada ka ci dankali" ya tsaya a nan, to bai gama ba ka shawara ba. Akwai tambayoyi huɗu da ya kamata su biyo baya: wane iri ne, yaya aka sarrafa shi, nawa aka ci, kuma wane magani mai cin yake sha. Hausawa sun yi masa kirari da "dankali sha kushe", kuma lallai yana shan kushe, amma mafi yawan kushen ya samo asali ne daga rashin bambance iri da iri.

Suna ɗaya, dangi biyu

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne dankalin Hausa da dankalin Turawa ba 'yan gida ɗaya ba ne, suna ne kawai ya haɗa su. Dankalin Hausa, wanda wasu ke kira kudaku ko lawur, ɗan uwan duman kada ne, wannan ciyawa mai yaɗo da muke gani a bakin rafi. Abin da muke ci a jikinsa saiwa ce da ta kumbura. Shi kuwa dankalin Turawa danginsa su ne tumatir da gauta da barkono da taba, kuma abin da muke ci kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake da idanu da tsiro ke fitowa daga cikinsu. Wannan bambanci na dangi shi ne tushen bambancin ɗanɗanonsu, da irin haɗarin da ke tare da kowannensu idan ya lalace.

Dukansu daga nahiyar Amurka suka fito. An fara noman dankalin Turawa a tsaunukan Andes, wajen Peru da Bolibiya na yau, shekaru dubbai da suka wuce, kuma har gobe akwai ire-irensa fiye da 4,000 a can. A birnin Lima na Peru ne aka kafa Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya a 1971. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 30 ga Mayu a matsayin ranar dankali, aka fara bikinta a 2024. Tarihi ma ya nuna illar dogaro da iri ɗaya: lokacin da cuta ta faɗa wa gonakin ƙasar Ailan daga 1845, inda talakawa suka raja'a a kan iri kusan guda, mutane kimanin miliyan ɗaya ne yunwa da cututtuka suka kashe.

A yankinmu dankalin Hausa shi ne ɗan gida. Yana jure zafi, yana yi a ƙasa marar ƙarfi, kuma idan kaka ta yi zai cika kasuwannin Makarfi da Hunkuyi da Ikara da Paki, a buhu da kwando da kashi-kashi. Dankalin Turawa kuwa mai son sanyin dare ne, don haka mafi yawan wanda muke saye daga tudun Filato yake gangarowa, daga wurare irin su Bokkos da Mangu, ko da yake masu noman rani a ƙasashen Zariya da Kano suna samun sa a lokacin hunturu. Kada kuma mu manta da rizga da tumuku, waɗanda kakanninmu suka sani tun kafin waɗannan baƙi biyu su iso, kuma yanzu suna neman ɓacewa daga kwanukanmu.

Dankalin Turawa: mai gari da mai danƙo

Duk uwargidan da ta daɗe a madafa ta san wani dankalin yana dagargajewa a tukunya, wani kuma yana tsayawa cak ko an daɗe ana dafa shi. Sirrin yana cikin yawan sitaci da yawan ruwa. Wanda sitacinsa ya yi yawa, ruwansa kaɗan, shi ne mai gari: idan ya dahu yana wargajewa, yana shan romo, kuma shi ya fi kyau da suya domin yana yin ƙaras-ƙaras a waje, cikinsa ya yi laushi. Wanda ruwansa ya fi yawa, sitacinsa ya yi ƙasa, shi ne mai danƙo: yana riƙe siffarsa, ya fi dacewa da farfesu da miyar dankali da haɗin ganye, amma idan aka soya shi yakan yi laƙwas.

Daga cikin ire-iren da manoman Filato suka daɗe suna shukawa akwai Nicola, mai tsawo da rawayan ciki, wanda yake cikin masu danƙo. Akwai Diamant, wanda ya fi karkata wajen gari, shi ya sa masu suya suke son sa. Akwai kuma Marabel, mai rawayan ciki da santsin ɓawo, wanda yake tsaka-tsaki. A 2023 an fitar da sababbin iri huɗu a Najeriya, uku daga ciki ma da sunayen Hausa tsantsa, Juriya da Kyau da Babban, sai Unica, waɗanda aka zaɓo domin yawan amfani da jure cuta.

Matsalarmu ita ce mai saye ba ya jin waɗannan sunaye a kasuwa. Abin da ake ce masa shi ne "ɗan Jos ne", shi ke nan. Amma akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gida. A narka gishiri awo 1 a cikin ruwa awo 11, a jefa dankalin. Wanda ya nutse mai gari ne, wanda ya taso sama mai danƙo ne. Wannan ya shafi lafiya, domin galibi mai danƙo ya fi mai gari jinkirin narkewa, don haka bai kai shi saurin ɗaga sukarin jini ba.

Dankalin Hausa: a duba ciki, ba ɓawo ba

A wajenmu an saba kiran dankali da launin bayansa, a ce fari ko ja, ko kuma da sunayen da manoma suka raɗa masa, irin su Ɗan Cana da Ɗan Zariya da Ɗan Bakalori. To amma ta fuskar gina jiki launin ciki ne abin dubawa. Dankali yana iya zama ja a waje, fari fat a ciki.

Mai farin ciki shi ne wanda bakinmu ya saba da shi. Yana da gari, zaƙinsa matsakaici, yana cika ciki, kuma yana tafiya da ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa. Mai rawayan ciki ya ɗan fi shi laushi. Sai kuma mai launin lemo, kamar cikin karas ko gwanda, wanda ya fi su laushi da zaƙi, kuma ya fi su nesa ba kusa ba wajen sinadarin bita-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Mai farin ciki kusan ba shi da wannan sinadari.

Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike a jihar Abiya ta fitar da ire-iren wannan dankali mai launin lemo: King J da Mother's Delight a tsakanin 2012 da 2013, sannan Solo Gold a 2018. Mother's Delight ya fi su zurfin launi da laushi, King J kuma ya fi kusa da garin da muka saba da shi.

Akwai kuma wani abin sha'awa game da zaƙin dankalin Hausa. A cikinsa akwai wani sinadari da ke farfasa sitaci ya mayar da shi sukari idan ya ji matsakaicin zafi. Idan aka binne dankali a toka mai zafi, ko aka gasa shi a hankali a kan garwashi, wannan sinadari yana samun lokaci mai tsawo yana aiki, ruwan jikin dankalin kuma yana ƙonewa, sai ka ga har zuma-zuma yana tsattsafowa. Idan kuwa aka jefa shi a tafasasshen ruwa, zafin yana saurin kashe sinadarin. Shi ya sa dankali guda, daga kunya guda, gasasshensa ya fi dafaffensa zaƙi. Harshe ya riga ya gaya mana abin da na'urar awo za ta tabbatar.

Ga mai ciwon sukari

A 1981 wani masani mai suna David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da wani ma'auni na saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini, inda aka ba tsantsar gulukos maki 100. Abincin da makinsa ya tsaya a 55 zuwa ƙasa mai tafiyar hawainiya ne, wanda ya kai 70 zuwa sama kuma mai gaggawa ne. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga ƙasar Jamaika ya gwada ire-iren dankalin Hausa guda 10, ya tarar dafaffe yana tsakanin maki 41 da 50, gasasshe kuwa yana kaiwa daga 79 har 94. Wato bambancin tukunya da garwashi ya fi bambancin iri da iri girma.

Game da dankalin Turawa, wani babban bincike na Jami'ar Harvard da mujallar BMJ ta buga a 2025, wanda ya bi sawun mutane fiye da 200,000 na tsawon shekaru sama da 30, ya nuna cin soyayyen dankali sau uku a mako yana da alaƙa da ƙarin haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 20 cikin 100, alhali ba a ga irin wannan ƙari mai ƙarfi ga dafaffe ba. Wannan abin lura ne a gare mu, musamman a watan azumi, lokacin da soyayyen dankali da ƙwai ya zama kamar farilla a kowane buɗa-baki, ga kunu da sukari, ga lemon kwalba.

Kowane giram 100 na ɗanyen dankalin Turawa yana ɗauke da kimanin giram 17 na sitaci da danginsa, na Hausa kuma kimanin giram 20. Babu ɗayansu da yake magani, babu kuma wanda yake guba. Shawarata ga mai ciwon sukari ita ce:

Na ɗaya, ya fifita dafaffe ko turararre a kan gasasshe da soyayye, kuma kada a dafa shi har ya zama kunu, domin duk abin da aka dama ko aka kirɓa ya fi saurin shiga jini.

Na biyu, ya tsaya a kan gwargwadon dunƙulen hannunsa a zama ɗaya, kuma dankalin ya maye gurbin tuwo ko shinkafa, kada ya zama ƙari a kansu.

Na uku, ya haɗa da wake ko kifi ko ƙwai, da ganye mai yawa kamar zogale da alayyafo da rama da kabeji. Waɗannan suna rage gudun narkewar sitaci.

Na huɗu, ya san cewa dankalin da aka dafa aka bari ya huce sosai, wani ɓangare na sitacinsa yana taurin narkewa, don haka ya fi mai tururi sauƙi. Sai dai a zafin garinmu kada a bar dafaffen abinci ya wuni a buɗe, kada garin neman gira a rasa ido.

Na biyar, wanda yake da na'urar awo ya auna kafin ya ci, ya sake aunawa bayan awa 2. Ga mafi yawan masu ciwon, abin da ake so shi ne kada ya haura 180 a ma'aunin miligiram, wato 10 a ɗaya ma'aunin. Gani ya kori ji.

Wanda yake shan glibenclamide ko yake allurar insulin kuma ya kiyaye: idan aka hana shi duk wani abinci mai sitaci rana ɗaya, ya ci gaba da shan magani yadda ya saba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 70, ya kama rawar jiki da gumi da ruɗewa, har ya suma. Wannan ya fi hawan sukari saurin kisa. Irin wannan hali sukari ko zuma ko lemo ake ba shi nan take, muddin yana iya haɗiya, sannan a garzaya asibiti.

Ga mai hawan jini da mai ciwon ƙoda

Nan ne aikina ya fi shiga. Dankali yana da yawan sinadarin fotasiyam: kimanin miligiram 420 a giram 100 na dankalin Turawa, da kimanin 340 a na Hausa. Ga mai ƙoda lafiyayya wannan alheri ne, domin fotasiyam yana taimakawa wajen sassauta hawan jini, muddin ba a cika gishiri da dunƙulen ɗanɗano ba. Amma ƙoda ce ke fitar da rarar fotasiyam. Idan ta gaza, sinadarin yana taruwa a jini, yana iya hargitsa bugun zuciya ba tare da wata alama ta gargaɗi ba.

Wasu magungunan da muke bayarwa kullum suna riƙe fotasiyam a jiki. Daga cikinsu akwai lisinopril da enalapril da losartan da spironolactone, da amiloride da ke cikin Moduretic, wanda tsofaffinmu da yawa suke sha. Shan ɗaya daga cikinsu ba ya nufin an haramta maka dankali. Amma wanda ya haɗa ciwon ƙoda da waɗannan magunguna, ko yake shan biyu daga cikinsu tare, ko yake ƙarawa da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, lallai ne ya riƙa gwajin jini, kuma ya tambayi likitansa iyakar abin da zai ci.

Ga wanda aka ce ya rage fotasiyam, akwai dabara. A fere dankalin, a yanka ƙanana, a dafa a ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Binciken da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka a 2008 ya nuna wannan yana rage kusan rabin fotasiyam ɗin, jiƙawa kawai ba tare da dafawa ba kuma ba ta rage wani abin kirki. Ke nan faten dankali, wanda ake shanye ruwansa gaba ɗaya, da gasasshe da soyayye, su ne ba su dace da mai ciwon ƙoda ba.

Ƙarin abu biyu. Wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda ya rage dankalin Hausa, domin yana da sinadarin okzalet da ke shiga cikin ginin mafi yawan tsakuwar, kuma ya yawaita shan ruwa. Ganyen dankalin Hausa kuwa miya ne mai kyau da muke bar wa awaki, amma mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya sauya yawan ganyen da yake ci kwatsam ba tare da ya sanar da asibiti ba, saboda bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin.

Ga yara da masu ciki da masu shayarwa

A nan ne nake ganin muna tafka asara. Ƙarancin bitamin A yana jawo dundumi, yana bushe ido har ya makantar, yana kuma raunana garkuwar jiki ta yadda ƙyanda da gudawa za su fi yi wa yaro illa. Saboda haka ne ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A sau biyu a shekara, shuɗin ƙwanso ga 'yan ƙasa da shekara, ja ga waɗanda suka haura. Saboda haka ne kuma tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara shi a cikin sukari da man girki da fulawa. Amma gidaje nawa ne a ƙauyukan Kudan ko Ikara suke sayen man kamfani?

Kimanin giram 125 na dafaffen dankali mai launin lemo, wato ƙaramin guda ɗaya, ya isa ya biya bukatar ƙaramin yaro ta bitamin A a yini. An gwada wannan a ƙasashen Mozambik da Uganda, aka ga ya inganta abin da mata da yara ke samu, har ta kai a 2016 an ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low da Howarth Bouis Kyautar Abinci ta Duniya a kan wannan aiki da makamantansa. Abin da ake bukata shi ne a sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin sai da maiƙo hanji ke tsotse sinadarin.

Ga mai ciki ma wannan hanya ta fi aminci. Ƙwayar bitamin A mai ƙarfi tana iya nakasa ɗan tayi, don haka ba a shan ta da ka. Na cikin dankali kuwa jiki yana juya gwargwadon bukatarsa ne kawai. Iyakar abin da zai faru idan yaro ya ci da yawa shi ne tafin hannunsa ya yi rawaya, farin idonsa yana nan fari, kuma yana wucewa da kansa. Idan farin ido ne ya yi rawaya, wannan shawara ce, asibiti ake zuwa. Dankalin kuma ba ya maye gurbin ɗigon asibiti da rigakafi.

Dankalin da ba a ci

Dankalin Turawa da ya yi kore, ko ya yi dogayen tsiro ya yamushe, yana tara wata guba mai suna solanin. Haske ne ke jawo haka, kuma a kasuwanninmu a rana ake baza shi. Koren kansa ba shi ne gubar ba, alama ce cewa ta taru. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Alamominta su ne ɗaci da ƙaiƙayin maƙogwaro, sai amai da gudawa da ciwon ciki, wani lokaci har da ruɗewa. A ƙarshen shekarun 1970 yara 'yan makaranta 78 a kudancin Landan sun kwanta bayan cin tsohon dankali da ya daɗe a ajiye, 17 daga cikinsu sai da aka kwantar a asibiti. Idan koren kaɗan ne, a fere da zurfi, a ƙwaƙule idanun. Idan ya yi yawa, ko an ɗanɗana an ji ɗaci, a zubar, kuma kada a ba yara. A ajiye dankali a wuri mai duhu da sanyi da iska, ba a cikin leda ba.

Dankalin Hausa ba shi da solanin, tsironsa ma ba guba ba ne. Nasa haɗarin yana zuwa ne idan ƙwaro ya huda shi ko ya yi baƙin ruɓa. A lokacin yana fitar da wasu sinadarai masu ɗaci da wari domin kare kansa, waɗanda aka tabbatar suna lalata huhu da hantar dabbobi. Ɗacin yakan bazu fiye da inda ido ke gani. Kada a ce asara ce a zubar, kada kuma a tura wa shanu.

Sai batun suya. A 2002 masana a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa da zafi sama da digiri 120 yana samar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda hukumar binciken daji ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Yana ƙaruwa ne gwargwadon duhun suyar. A jiƙa yankakken dankali na minti 15 zuwa 30, a tsane, a soya ya yi ruwan zinare, a kwashe kafin ya yi ja-wur. Man da ya yi baƙi yana hayaƙi kuma a rabu da shi.

Masu ja da wannan magana

Wani ma'aikacin lafiya zai ce: marasa lafiya ɗari ne a layi, ina lokacin wannan dogon bayani, ai gara a hana gaba ɗaya a huta. Ina fahimtar wannan uzuri, domin ni ma ina tsayawa a bayan taga ina ganin layin. Amma dokar da ba za a iya bi ba, ba ta kare kowa. Magidancin da ya noma dankali buhu goma, aka ce kada ya taɓa, ko dai ya ci a ɓoye ya daina gaya wa likita gaskiya, ko ya sayar da araha ya sayo abin da bai fi shi ba. "Dafaffe, dunƙulen hannu, da wake da ganye" bai fi "kada ka ci" tsawon faɗa ba.

Wani manomi kuma zai ce: mai launin lemon nan ruwa ne da shi, ba ya ajiyuwa, 'yan kasuwa ba sa so. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, domin bakin manya ya saba da gari. Amma laushin da babba ke ƙi shi ne abin da jaririn da ake fara ba abinci yake so. Yana shiga kunu da fate, ana kuma kwaɓa shi da fulawa a yi fanke da biredi da cincin, a rage kuɗin fulawa da sukari. Ba a ce a tumɓuke Ɗan Cana ba. Kunya biyu ko uku a gefen gona domin yaran gida sun wadatar, kuma da yake yaɗonsa ake dasawa, maƙwabci yana iya ba maƙwabci kyauta.

Ina kira ga malaman gona na ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, da cibiyoyin bincike da faɗakar da manoma da ke Samaru a ƙofar gidanmu, su kusanto da wannan iri ga manomanmu a farkon damina. Ina kira ga asibitocinmu su sa shi cikin darasin ranar awo da ranar rigakafi, a dafa a gaban iyaye mata su ɗanɗana. Dillalai kuma su riƙa faɗin sunan iri, su rufe dankalin Turawa daga rana. A gida kuwa kada a yi wa yara kashin dankali, manya su danne ƙanana: idan mai launin lemo ya shigo, yaro da mai ciki da mai shayarwa su ne a gaba.

Kai kuma mai jinya, idan za ka koma asibiti ka tafi da duk kwalayen magungunanka, har da na gargajiya, ka faɗi abin da kake ci ba tare da ɓoyewa ba, ka nemi a auna maka ƙoda idan kana da sukari ko hawan jini. Da wannan ne za a iya gaya maka irin dankalin da ya dace da kai da gwargwadonsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a gonakinmu da tukwanenmu.